Na gama kallon fim a waya, amma labarin bai zauna mini ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, kuma tun ina yarinya nake son kallo. A zamanin kaset sai in zauna in kalli fim ɗin Indiya na awa uku ban motsa ba, washegari in ba ƙawayena labarinsa daga farko har ƙarshe. Yanzu a waya nake kallo, yawanci da daddare bayan yara sun kwanta. Sai in gama kashi guda na fim mai dogon zango, a tambaye ni me ya faru, in rasa ta inda zan fara. Wani lokaci sai na mayar da shi baya har sau uku. Ƙanƙantar fuskar wayar ce, ko saƙonnin da ke shigowa, ko kuwa ƙwaƙwalwata ce ta fara rauni? Abin ya fara damuna."

Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa uku kika zarga: girman fuskar waya, saƙonni, da kanki. Zan bi su, amma ba daidai wa daida ba, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne. Aikina haɗa hoton fim ne a Kano, tun ana fitar da fim a kaset, aka koma faifan CD, har zuwa yau da mafi yawan abin da muke haɗawa a YouTube yake ƙarewa, a kalle shi a tafin hannu. Ina kuma koyar da matasa wannan sana'a. Mai haɗa hoto kuwa kullum lissafinsa guda ne: a wannan daƙiƙar, ina idon mai kallo yake, kuma me ke cikin ransa? Don haka tambayarki ta faɗo a kan abin da nake kwana nake tashi da shi.

A ganina, ƙanƙantar waya ita ce mafi ƙarancin laifi a cikin ukun. Saƙonni suna da babban kaso. Ƙwaƙwalwarki kuwa, bisa abin da kika bayyana, aikinta take yi yadda aka halicce ta. Akwai kuma na huɗu da ba ki ambata ba, wato yatsanki da ke kan gilashin.

Batun girma

Abin da ido ya damu da shi ba faɗin allo a ma'auni ba ne, faɗin da allon ya ci a cikin filin ganinki ne. Talabijin mai inci 21 irin wanda aka yi yayi lokacin kaset, faɗin fuskarsa wajen santimita 40 ne. Idan kina zaune a tabarma mita 3 daga gare shi, abin da ya ci a idonki bai kai digiri 10 ba. Wayar yau mai inci 6 da rabi, hoton fim a kanta yakan kai santimita 12 zuwa 15 a kwance, kuma tazarar da kike riƙe ta ba ta wuce santimita 30 ba. Wannan ya haura digiri 20. Ma'ana, hoton da ke hannunki ya ninka na talabijin ɗin gidanku na da fiye da sau biyu a wurin ido. Kuma da wancan ƙaramin hoton kika haddace fim na awa uku.

Inda waya ke ragewa shi ne sauti da haske. Ƙaramar lasifikarta ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin magana don ya gaya wa zuciya cewa akwai hatsari a gaba, rabinsa ba ya isowa kunne. Fitowar da aka ɗauka da dare kuma takan dushe idan akwai fitila ko rana a bayanki. Ga gajiyar hannu da wuya. Waɗannan duk gaskiya ne, amma iyafis da matashin jingina waya sun magance mafi yawansu.

Yadda labari ke zama a kai

Hausawa sun riga masu bincike faɗin abin: hankali ke gani, ido gululu ne. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ta. Ana tsaka da wasan sai wata ta ratsa ta tsakiyarsu sanye da rigar goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba. Idonsu na kan allon, hoton ya shiga idon, amma hankali na wurin ƙirga.

To haka kallon fim yake. Mutane na ɗaukarsa hutu, kamar mutum ya buɗe ido kawai labari ya kwarara ciki. A zahiri aiki ne. Kina riƙe da wane ne wannan, me ya haɗa shi da waccan, me aka ɓoye wa Hajiya, me ita kuma take zargi. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe irin waɗannan abubuwa na yanzu-yanzu ƙarami ne ƙwarai. Masanin nan Nelson Cowan ya kimanta shi da abubuwa huɗu ko kusa da haka a lokaci guda. Kamar faranti ne da ba ya ɗaukar fiye da kofi huɗu. Saƙo ya shigo cewa an ɗage taron iyayen yara zuwa Laraba, dole a sauke wani kofi a ɗora wannan. Idan kika dawo kan fim ɗin, hoton yana nan yana tafiya, amma zaren da kike riƙe da shi ya suɓuce. Abin da bai zauna a farantin nan ya ɗan jima ba kuwa, ba ya wucewa ma'ajiyar da ake tunowa da safe. Shi ya sa za ki rantse kin kalla, kuma kin kalla ɗin, amma babu abin bayarwa.

Bari in ba ki misali daga teburin aikina. Akwai wani fim da muka haɗa, inda dukkan warwarar labarin ta rataya a kan abu guda: wata mata ta karɓi makulli daga hannun mijinta, maimakon ta rataye shi inda aka saba, sai ta zura shi a lalitarta. Ba a yi magana ba. Hoton hannunta ne kawai, bai fi daƙiƙa biyu ba. Ni da daraktan muka yi ta ja a kan ko a ƙara masa tsawo, na ce a bar shi, mai kallo ba yaro ba ne. Bayan fim ɗin ya fita, wani ɗan'uwana ya ce mini labarin yana da rami, wai ta ina matar ta samu shiga ɗakin? Na zauna kusa da shi muka sake kallo a wayarsa. Daidai wurin, Allah shaida, sai ga saƙo ya leƙo daga saman gilashin, idonsa ya ɗaga ya karanta layin farko, ya dawo. Bai taɓa wayar ba, bai tsayar da fim ɗin ba. Makullin ya riga ya shiga lalita a karo na biyu bai gani ba.

Kuma fim ɗin yau ba ya jira. James Cutting na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun auna fina-finan Amurka na shekaru da dama, suka ga cewa a shekarun 1930 da 1940 hoto ɗaya kan ɗauki wajen daƙiƙa 10 kafin a yanka zuwa wani, amma bayan shekarar 2000 ya sauko ƙasa da daƙiƙa 4. Namu ma na gida sun ƙara sauri a kan na da. Idan karanta saƙo da mayar da "to, Allah ya kai mu" ya ci miki daƙiƙa 20, hotuna biyar ko fiye sun wuce. Wataƙila babu komai a cikinsu. Wataƙila kuma a nan ne aka yi kallon da ya nuna cewa ƙanwar ta san sirrin.

Za ki iya cewa, ai ni ba na buɗe saƙon, ina barinsa ne ya wuce. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida, ƙarƙashin Cary Stothart, sun ba ɗalibai wani aiki a kwamfuta mai bukatar natsuwa, suka riƙa kiran wayoyin wasu ko tura musu saƙo ana tsaka da aikin. Ɗaliban ba su ɗauka ba, ba su duba ba, amma kurakuransu sun ƙaru a fili. Jin ƙarar kaɗai ya isa ya tayar da saƙe-saƙe: wane ne, lafiya kuwa, ko daga gida ne? Wannan gwaji a kan aikin kwamfuta aka yi shi, ba a kan fim ba, ni ne nake ɗora shi a kan kallo saboda abin da nake gani a wurin masu kallo ya yi daidai da shi. Kuma a waya abin ya fi muni, tunda saƙon ba daga aljihu yake ƙara ba, a kan fuskar jarumar yake sauka.

A nan ne babban bambancin yake tsakanin waya da duk wani abin kallo da ya gabace ta. Majigi, silima, talabijin, bidiyo, kowannensu aiki ɗaya ya iya. Waya kuwa ita ce gidan kallon, ita ce gidan waya, ita ce kasuwa, ita ce banki, ita ce zauren da dangi ke hira. Kamar a kafa miki allon silima ne a tsakiyar Kantin Kwari a ce ki natsu.

Katsewar da ke fitowa daga ciki

Ko an rufe bakin duk saƙonni, akwai saura. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin su sauya. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A 2012 ya koma daƙiƙa 75. A ƙididdigar baya-bayan nan ya sauko wajen daƙiƙa 47. Abin da ya fi jan hankalina a aikinta shi ne, kusan rabin katsewar ba wani ne ke jawo ta ba, mutum ne ke katse kansa da kansa.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ƙwaƙwalwar mutane ta lalace. Abin da aka auna ɗabi'a ce, ba iyawa ba. Hannun da ya saba a duk rana yana shafa gilashi sama, bidiyo bayan bidiyo a TikTok ko Facebook, kowanne na 'yan daƙiƙu, ya koyi darasi ɗaya: da zarar abu ya ɗan lafa, akwai wani a ƙasa. To kowane fim mai kyau yana da wurin lafawa. Dole ne. Mukan sa shiru da gangan, mu bar kyamara a kan fuskar uwa bayan ɗanta ya fita, don abin da aka faɗa ya samu wurin sauka. A daidai nan ne yatsa ke ƙaiƙayi. Ko ya danna gefen gilashi sau biyu ya tsallake daƙiƙa goma, ko ya ja daga sama ya leƙa WhatsApp, ko ya gangara karanta ra'ayoyin masu kallo alhali fim ɗin na ci gaba a ɗan lungu. Taura biyu ba ta taunuwa, amma waya ta sa mutum yana jin kamar yana taunawa.

Ki tuna yadda zaman kallon kaset yake. An yi hayar kaset ɗin, gobe za a mayar. Ana fargabar kada a ɗauke wuta. Mayar da shi baya wahala ne, kuma ba ke kaɗai ba ce da za ki ce a mayar. Ga ɗaki cike, idon kowa wuri ɗaya, idan kika waiwaya wata za ta taɓa ki ta ce "ke, duba, duba!" Idan wani abu ya wuce ki, kafin ki tambaya an faɗa miki. Jama'ar ɗakin suna riƙe wa juna zare. Sannan kin san da safe za ki ba da labari, don haka tun kina kallo kike shirya shi a ranki. Duk waɗannan ginshiƙai ne da suka tallafi hankalinki ba ki sani ba. Yanzu an zare su gaba ɗaya, an bar ki ke kaɗai, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan wuni guda a gaban aji da hidimar gida. Gajiya ma kanta ba ƙaramin ɓarawon hankali ba ce, kuma abin da aka kalla ido na lumshewa shi ne ya fi saurin gogewa.

Kason da ke kanmu

Ba zan ɗora komai a kan mai kallo ba, domin mu masu shirya fim muna da hannu. Tun da muka gane cewa a waya ake kallonmu, kuma da rabin hankali, sai muka fara yi wa rabin hankalin hidima. Abin da hoto zai nuna, sai a sa jarumi ya faɗa da baki. Ya faɗa wa matarsa, ya je ya maimaita wa abokinsa, abokin ya kira wani a waya ya sake zayyanawa. A cika kashi da tuna baya. A ja gaisuwa ta yi minti biyu. Wani ɓangare na wannan neman tsawo ne, saboda YouTube na ba da damar sa talla a tsakiyar bidiyon da ya kai minti 8, kuma yawan mintunan da aka kalla na da tasiri a kan abin da furodusa zai samu ya biya ma'aikata. Ban raina wannan lissafi ba, da shi ake cin abinci. Amma sakamakonsa yana damuna: mai kallo ya gane cewa ko ya tafi ya dawo ba abin da zai rasa, sai ya ƙara sakin hankali, mu kuma mu ƙara maimaitawa. Ranar da ya haɗu da fim ɗin da aka ɗinke shi tsaf, wanda kowane hoto ke ɗauke da kaya, sai ya ce bai gane ba.

Saboda haka wani lokacin idan kika kasa ba da labarin kashi guda, ki duba ko akwai labarin ma a cikinsa. Akwai kashin da in an matse shi, abin da ya faru bai fi jimla biyu ba.

Talla kuma katsewa ce da ba ke kika gayyato ta ba, haka ma tsayawar hoto yana juyawa idan sabis ya yi rauni. Na lura wannan juyawar ta fi talla ɓarna, domin a cikin daƙiƙun jiran ne hannu ke cewa bari in leƙa wani wuri kafin ya dawo, daga nan kuma sai a zarce.

Abin da nake ba da shawara

Ba duk katsewa ce abin gudu ba. Yaro ya farka yana kuka, maigida ya yi sallama, Inna ta kira, an kira salla: waɗannan sun fi fim, kuma ba wanda zai ce ki toshe kunne. Dabarar ita ce ki tsayar da fim ɗin cak, kada ki bar shi yana tafiya kina sauraro da kunne ɗaya. Idan kuma abin zai iya jiran rabin minti, ki bari fitowar da ake ciki ta ƙare tukuna. Jeffrey Zacks na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya nuna cewa ƙwaƙwalwa na yanka abin da take gani gaɓa-gaɓa, tana rufe wata ta buɗe wata a inda wuri ko lokaci ko mutane suka sauya. Tsayawa a kan gaɓa ya fi sauƙin ɗorawa fiye da tsayawa a tsakiyar zance. Idan kika dawo, ki koma baya kaɗan, ki kuma tambayi kanki a ina aka tsaya kafin ki danna.

Sauran katsewar kuwa, wadda ba ta da haƙƙi a kanki, a rufe mata ƙofa tun kafin a fara. Ki sauke fim ɗin tun da rana ta hanyar da masu shi suka halatta, ko a manhajar YouTube ko a manhajar da kike biya, sannan ki kashe data lokacin kallo. Da wannan kaɗai kin kawar da saƙonnin WhatsApp da juyawar sabis, kuma layinki na buɗe ga kiran gaggawa. Idan dole sai da data, kusan kowace waya tana da tsarin hana damuwa a cikin saitinta, wanda zai danne sanarwa ya bar kiran mutanen da kika zaɓa kawai.

Sai abin da na fi ba muhimmanci, ko da yake mutane kan raina shi: ki raba wayar da hannunki. Ki jingina ta da matashi ko kofi, a kwance, hoton ya cika gilashin, nesa kaɗan yadda sai kin miƙa hannu za ki taɓa ta. Ina sa ɗalibaina su yi haka idan za mu duba aikin juna a waya, kuma bambancin da nake ji a irin tambayoyin da suke yi bayan kallo a bayyane yake. Wanda ya riƙe waya a hannu yakan tambayi abin da an riga an nuna. Wanda ya ajiye ta yakan tambayi dalilin da ya sa aka nuna shi haka. Ki sa iyafis, amma idan ke ce mai jin motsin yara, kunne ɗaya ya isa. Ki rage fitilar ɗaki ba tare da kin kashe ta ɗungurungum ba, don kada ido ya gaji. Kuma kashi ɗaya da natsuwa ya fi uku a jere ana gyangyaɗi. Idan barci ya zo, a bar shi sai gobe.

Idan da hali, ki dawo da abokin kallo, ko da babbar 'yarki ce ko maƙwabciya, ko kuma ku yi alkawari da wata malama a makarantarku cewa da safe za ku tattauna kashin jiya. Sanin cewa za a tambaye ki yana canza yadda kike kallo tun daga minti na farko.

Game da tsoronki na raunin ƙwaƙwalwa, ni ba likita ba ne, kuma iyakar abin da zan iya magana a kai shi ne kallo. Idan mantuwar a fim kaɗai take, kina riƙe darasin da za ki koyar da sunayen ɗalibanki da lissafin cefane, to alamu sun fi nuna yanayin kallon ne. Idan kuwa kin ga ta shiga wasu wurare, kina manta maganar da aka yi ɗazu, ko tana tare da rashin barci mai tsawo, ko damuwa da ta ƙi tafiya, ko yawan kasala, to ki je asibiti a duba ki, domin abubuwa irin su ƙarancin jini da matsalar barci suna taɓa natsuwa kuma ana maganinsu.

Ki gwada tsarin nan na mako guda. A daren farko da na biyu, cikin minti goman farko za ki ji hannunki na neman wayar, har ki ji kamar fim ɗin ya cika jan jiki. Ki bar shi ya wuce, yakan lafa da kansa idan labarin ya kama ki. Da safe, kafin ki buɗe wayar, ki gwada ba wa wani labarin kashin daga farko, yadda kike yi wa ƙawayenki a da, ki ga iya inda za ki kai.